Ya ga fatata ya ce ni ba ɗan Saudiyya ba ne: wariya ce?

Ɗan'uwa, ka ce wani dillalin gida a Jidda ya kalle ka ya nemi iƙamarka, wato takardar izinin zama da ake ba baƙi, alhali haihuwar Makka ne kai, katin ɗan ƙasa na aljihunka.

A ganina, zaton farko rashin sani ne, kodayake yana da ciwo. Usama Hausawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, baƙar fata ne haifaffen Makka, amma har yau wasu in sun ga baƙar fata sai su ce baƙo. Duba abin da ya biyo baya: da ka nuna katin, ya ba da haƙuri, ko ya dage ya hana ka haya? In ya dage, wariya ce zalla.

Kar ka biye masa da zagi. Ajiye saƙonninsa, ka tuntuɓi lauya.