An yi wa ɗana aikin ƙafa, wane buri za mu faɗa wa likita?

Tambaya: Salam likita. Ɗana shekararsa 8, yana da larurar nan ta sarebral falsi (matsalar ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin jiki) tun haihuwa, yana tafiya da sanduna amma dunduniyarsa ba ta taɓa ƙasa. An yi masa tiyata a agara da jijiyar bayan cinya wata 2 da suka wuce. Yanzu mai fisiyo, wato mai yi masa gashi da motsa jiki a asibiti, ta ce mu je mu zauna mu rubuto burinmu, ni kuma wallahi burina ɗaya ne, ya yi tafiya kamar sauran yara. Me kuma zan rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah ya ƙara masa lafiya. Burin nan naki ba laifi ba ne, amma ba a iya auna shi, kuma gaskiya aikin ba zai kai shi can ba. Tiyatar tana sassauta jijiyar da ta ɗaure ne, ta gyara yadda yake taka ƙasa, ba ta taɓa matsalar da ke ƙwaƙwalwa ba. Muna da ma'aunin GMFCS mai mataki 5 da ake auna iya motsin yara masu wannan larura, yaron da ke tafiya da sanduna yana mataki na 3, kuma yawanci bayan aiki a nan yake zama, sai dai tafiyar ta yi sauƙi, gajiya da faɗuwa su ragu.

To abin da mai fisiyon take nema ki kawo mata shi ne rayuwarsa ta kullum. Misali ki ce nan da wata 3 ya tashi daga gado ya kai banɗaki da kansa da sandunansa ba wanda ya riƙe masa hannu, ko ya tsaya ya goge haƙoransa har ya gama bai jingina da bango ba. Mu kan kalli nisa uku, mita 5 cikin ɗaki, mita 50 kamar a makaranta, mita 500 a waje, kuma ba gazawa ba ce in yana takawa a gida amma doguwar tafiya ya hau keken guragu, wannan abin iyaye suna jin nauyinsa sosai alhali shi yaron sau da yawa so yake kawai ya iso tare da abokansa ba a baya ba. Shi ya sa nake cewa ki tambaye shi ma, shekara 8 ya san abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Buri 2 ko 3 sun isa.

Kar hankalinki ya tashi in kin ga yanzu ya fi da rauni, haka ake yi bayan an cire filasta, tsoka ta yi sanyi. In aikin babba ne a wurare da yawa, ƙarfin kan ɗauki kusan shekara kafin ya dawo, ci gaban har shekara 2 ana ganinsa. Takalmin robar nan mai riƙe idon sawu ya dinga sa shi yadda aka ce, ki duba dunduniyar kullum, in kin ga ja da bai baje ba ko ƙurji ku koma asibiti kar ku jira ranar da aka ba ku.