Tambaya da Amsa: Gane Nagari Cikin Faifan Gogen Turawa Masu Araha

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sha'awar kiɗan gogen Turawa, wato biyolon, irin wanda babbar ƙungiyar makaɗa ke yi wa rakiya. Wani ɗan'uwa ya kawo mini tarin faifan CD na gwanjo daga Yamai. An ce araha ba ta ado. Yaya zan ware nagari? Daga wani malamin makaranta, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A wannan fagen araha takan yi ado, muddin ka san dalilinta. Wani faifan tsohon ɗauka ne, kamfani ya daɗe da mai da kuɗinsa, kuma a nan ake samun gwanaye irin su Jascha Heifetz da David Oistrakh da kuɗi kaɗan. Wani sabo ne, makaɗan ne ba su yi suna ba; haka kamfanin Naxos ya fara a 1987, da ƙungiyoyin gabashin Turai. Waɗannan ka saya da kwanciyar hankali. Abin gudu shi ne wanda aka kwafo daga tsohon faifan garmaho aka yi masa sabuwar riga. A Turai, abin da aka fitar kafin 1963 haƙƙin mallakar ɗaukarsa ya ƙare, kowa na iya bugawa, mai kula da marar kula.

Fara da bayan kwalin. Kamfani mai gaskiya zai rubuta sunan mai gogen, da jagoran makaɗa, da ƙungiyar, da shekara da wurin ɗauka. Harafin P a cikin da'ira shi ke nuna shekarar da aka fara fitar da sautin; C na kwalin ne da rubutunsa, kada ya ruɗe ka. In ka ga sunan Alberto Lizzio, sani babu jagora mai wannan suna, laƙabi ne da aka ƙirƙira aka liƙa wa faifai da yawa. Haruffan nan uku da akan gani a kwali, AAD ko ADD ko DDD, hanyar ɗauka da haɗawa kawai suke faɗa: A tsohuwar hanyar analog ce, D kuwa ta dijital. Mun fi son ADD na 1960 da aka gyara da kulawa a kan DDD da aka ɗauka cikin gaggawa.

Sai kunne. Kashe fanka, ka jira dare ya yi tsit. In akwai konsarton Beethoven na 1806 a tarin, da shi za ka gwada; konsarto shi ne irin kiɗan da kake nema, mai goge ɗaya da rakiyar ƙungiya. Yana farawa da tambari sau huɗu a hankali, kafin bushe-bushe su shigo. Daidaita ƙara har ka ji tambarin sarai, sannan ka janye hannu. Bayan kamar minti ɗaya duk ƙungiyar za ta barke gaba ɗaya. In lasifika ta yi ta tsatsage, ko kuma ƙarar ba ta wuce ta tambarin ba, an lalata sautin: ko dai an cika shi ya yi ambaliya, ko an matse shi har raɗa da tsawa sun zama ɗaya.

Mai gogen yana shigowa bayan kamar minti uku. Goge ɗaya ne gaban mutum hamsin ko fiye, don haka akan matso masa da makirfo. In an wuce gona da iri, za ka ji numfashinsa a kunnenka, ƙungiyar kuwa kamar tana bayan katanga. Wanda ya saba da gogenmu ya san ɗan kaushin da izga mai ƙaro ke yi a kan tsirkiya. Na Turawa ma yana da shi kaɗan. In babu shi sam, muryar ta yi santsi kamar ta roba, to an goge hayaniyar tsohon faifai ne har aka tafi da jikin sautin. Ɗan shuuu a bayan kiɗa ya fi wannan sau goma.

Kula kuma da dogon sauti. Rawar yatsan mai goge tana da sauri, kuma kowane mai goge tasa yake yi daban. In duk ƙungiyar ce ke hawa da sauka tare, sau ɗaya duk kusan daƙiƙa biyu, daga garmaho mai karkataccen rami aka kwafa. Wannan ba ya gyaruwa, ajiye shi gefe.

Tambaya: Ni a salula nake sauraro, katin memori ake cika mini. Me ya sa gogen ke yi mini tsini a kunne? Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya.

Amsa: Malama, duba nauyin fayil ɗin tukuna. Kiɗan minti 45 a MP3 mai ƙarfin 128 yana cin kamar mega 43, mai 320 kuwa kamar mega 108. In kin tarar da mega 15, an tauye shi sosai, kuma saman muryar goge ne ke fara shan wahala, ya riƙa ƙara kamar kwano. Mai da ƙaramin fayil babba ba ya dawo da abin da aka zubar, sai dai ki nemi asalin.

Lasifikar salula ma tana da nata laifin. Ba ta iya fitar da muryoyin manyan gogunan ƙasa, sai tsinin kaɗai ya rage. Sa abin sauraro na kunne. A yawancin ɗauka za ki ji ƙananan goguna ta hagu, manya ta dama, mai gogen kusan tsakiya. Ki kuma tabbatar sassa uku na konsarton sun cika kuma suna jere, don masu cika kati sukan sa sashe na farko kawai.