Amsar ƙanena kan Steam Deck da ROG Ally

Assalamu alaikum 'yan gida. To ƙanena, na ji muryarka tun ɗazu, ban samu sarari ba ne sai yanzu. Ka ce tsakanin Steam Deck da ROG Ally, na'urorin buga gem ɗin kwamfuta da ake riƙewa a hannu, wanne ya fi ƙarfi, kuma ko ɗayansu zai iya tsaya maka a madadin tsohuwar laftof ɗinka. Na ga har mutum uku sun riga ni, kowa yana ta jero maka lambobi. Ni ba ta nan zan bi ba, don tsakani da Allah ba ƙarfi kake tambaya ba. Kai da bakinka ka faɗa mana kwanaki cewa ka fi wata huɗu ba ka gama gem ko ɗaya ba, da ka dawo daga aiki sai barci. To mai minti ashirin a rana me zai yi da ƙarfi? Abin da kake nema shi ne na'urar da za ka ɗauka, ka danna maɓalli ɗaya, ka tsinci kanka daidai inda ka tsaya jiya.

Amma bari in ba ka amsar da ka nema tukuna, kar a ce na kauce. Ally ya fi ƙarfi, babu gardama. Asus ta fitar da shi a 2023, Deck kuwa Valve ta fitar da shi tun Fabrairun 2022, ka ga ya girme shi da fiye da shekara. Allon Ally 1080 ne, na Deck 800, wato hoton Ally ya fi kaifi. Shi ke nan, an ba Ally kofi, kowa ya tafa. Sai dai ka tambayi masu jero maka lambobin nan, batirin fa? Na farkon Ally da na farkon Deck girman batirinsu ɗaya ne, 40. Ma'anar arba'in ɗin nan, in na'urar tana jan wat 40, awa ɗaya cif za ta yi ta mutu. To Deck, ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce wat 15. Ally kuwa in ka sake masa linzami yana kai 25 ba tare da an jona shi a caji ba, ga allo yana ci, ga fanka tana ci. Yi lissafin da kanka. Ƙarfin nan da ake yabo, a jikin bango ake cin moriyarsa, kana riƙe da shi igiyar caji tana reto. In dai a jikin bango zan zauna, me ya raba ni da kwamfutar tebur? Su Asus da kansu sun gane, shi ya sa da suka fitar da Ally X a 2024 suka ninka batirin zuwa 80.

Kuma wannan rigimar ba yau aka fara ta ba, ku yara ne shi ya sa. A 1989 Nintendo ta fitar da Game Boy. Allonsa ko launi babu, wani kore-kore mai kamar ruwan kududdufi, ko fitila babu a bayansa, in duhu ya yi sai ka nemi haske ka karkata shi. Shekara ɗaya bayan nan Sega ta zo da Game Gear, allo mai launi, mai haske, duk wanda ya gani sai ya haɗiyi yawu. To me ya faru? Game Gear batir shida yake ci, kuma awa uku zuwa biyar ya shanye su tas. Game Boy batir huɗu, ka yi ta bugawa sama da awa goma bai ce uffan ba. Ni na riƙe duka biyun a hannuna, ba labari aka ba ni ba. Na abokina ne mai launin, kullum muna zaune kusa da soket kamar masu jinya, ni kuwa nawa yana aljihu, Tetris ko'ina. Ƙarshenta Game Boy da ƙanensa Game Boy Color sun haura miliyan 118 a kasuwa, Game Gear bai yi nisa da miliyan 10 ba. Mutumin da ya jagoranci ƙera Game Boy, Gunpei Yokoi, da gangan ya zaɓi tsofaffin kayan da an riga an san halinsu, ba rashin iyawa ba ne. Har Atari ma ta yi nata mai launi, Lynx, wa ke tuna shi yanzu? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ina nake ma? Yauwa, maɓalli. Abin da ya sa nake riƙe da Deck har gobe shi ne maɓallin nan na sama. Kana tsakiyar faɗa a gem ɗin Hades aka kira ka, ka danna shi sau ɗaya, allo ya mutu, ka ajiye. Bayan awa biyar ka dawo ka sake dannawa, kafin ka gyara zama ga ka nan a ɗakin da ka bari, dodon da ya ɗaga hannu zai doke ka hannun nasa yana nan a sama. Switch na Nintendo ma haka yake tun 2017, kuma ni a ganina rabin nasararsa ke nan, ba gem ɗin Zelda kaɗai ba. Shi Deck SteamOS ne a cikinsa, wato Linux ke nan, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kishiyar Windows, da aka yi masa ɗinki daidai jikin na'urar, komai da fad ake yi, wato maɓallan buga gem. Ally kuwa Windows 11 ne, wanda aka gina don mai kujera da tebur da maus. Ka ɗauko wannan ka cusa a allo mai inci 7, 'yar alamar rufe shafi ta koma kamar ƙwayar ido, kana nemanta da babban yatsa. Ba laifin Windows ba ne, ba don wannan aka haife shi ba. Ai shi ya sa a 2025 Asus suka haɗa kai da Xbox suka fitar da wani Ally ɗin mai fuskar da ta fi dacewa da fad, Lenovo kuma ta fitar da Legion Go S mai SteamOS. Kowa ya gano inda ciwon yake.

Ni abin da ya fi ƙona min rai ma ba na'urar ba ce, manhajojin nan ne da ake tilasta maka buɗewa kafin gem ya buɗe. Bari in ba ku labari, na san wasunku sun ji, ku yi haƙuri ku sake ji. Akwai wani gem, ba zan kama sunan kamfanin ba, gem ne na mutum ɗaya, babu abin da ya haɗa shi da intanet, kai kaɗai ne da labarinka. Na saya da kuɗina. Na yi awa sittin da wani abu a ciki. Ranar nan na samu hutu, na zauna, na danna. Sai ga wata taga ta fito wai in shiga asusuna. Na sa kalmar sirri, wai ba daidai ba. Na nemi sabuwa, aka turo, na sa, sai wai manhajar tana bukatar sabuntawa. Na jira. Ta gama, sai wai shi ma gem ɗin yana bukatar tasa sabuntawar, giga ashirin da wani abu. Don Allah me aka canja a gem ɗin da na bari lafiya lau mako biyu da suka wuce? Na dai jira. Da ya buɗe sai ya tambaye ni, ajiyar da ke kan kwamfuta zan ɗauka ko wadda ke can wurinsu, ga ranaku biyu an rubuta da 'yan ƙananan haruffa. Ni kuma na gaji, idona ya rufe, na danna ta sama. Ashe tsohuwar ce. Ta hau kan sabuwar ta danne. Awa arba'in suka tafi a banza, dokina, takobin da na sha wuya kafin in samu, komai. Wallahi na fi minti goma ina kallon allon nan ban ce komai ba. Har yau ban koma gem ɗin ba, yau shekara uku ke nan, kuma duk sanda na ga hotonsa sai gabana ya faɗi. Eh, na sani, ni na danna. Amma wa ya ce a yi wa mutumin da ya zo hutawa jarrabawa? Kuma ka sani, irin waɗannan manhajojin ko a Deck ba su ƙyale ka ba, in gem ɗin ya zo da tasa to sai ka bi ta kanta.

Shi ya sa nake girmama VLC, manhajar kallon bidiyo. Tun ina saurayi nake amfani da ita, alamar nan tata mai kamar hular masu gyaran titi ba ta canja ba. Ka jefa mata bidiyo ta buɗe. Ba ta taɓa tambayata sunana ba, ba ta taɓa cewa in buɗe asusu ba, ba talla. Wasu ɗalibai ne a Faransa suka faro ta, kyauta kuma har yau. Haka ya kamata manhaja ta zama, ta yi aikinta ta yi shiru. To bar wannan, ba shi ka tambaya ba.

Af, tsaya. Tsaya tukuna. Ashe kai ɗan ƙwallo ne, na manta shaf. To in FC ne abin da za ka fi bugawa, wato FIFA ta da, da suka canja mata suna a 2023, to rabin abin da na faɗa ka ajiye shi gefe. Ba ya tashi a SteamOS. Bari in yi maka bayani yadda za ka gane. Yawancin gem na kwamfuta don Windows aka rubuta su. Abin da Valve ta yi shi ne ta sa wani tafinta a tsakani, sunansa Proton, tun 2018 suke gina shi, gem ya yi magana da yaren Windows, shi kuma ya juya wa Linux. Kuma yana ƙoƙari sosai, dubban gem suna tafiya sumul, har Elden Ring. Matsalar ita ce masu gadin da ake sa wa gem na intanet don kama masu maguɗi. Wasu daga cikinsu sai sun shiga can cikin zuciyar Windows suke aiki, tafinta ba ya kaiwa nan. Shi ya sa FC ba ya yi, Fortnite ba ya yi, Valorant ba ya yi, sababbin Call of Duty ma haka. Za ka iya sa wa Deck Windows, ana yi, amma ka ga ka zubar da abin da ya sa aka saye shi ke nan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Don haka in ƙwallo ce rayuwarka, Ally ɗin ne, kuma ka nemi mai babban batir. Ko Switch, akwai FC a kansa, sai dai kar ka sa ran kyan hoto irin na kwamfuta, musamman a tsohon. Na biyun da ya fito a Yunin 2025 ya fi shi nesa ba kusa ba.

Maganar ya tsaya maka a madadin laftof kuwa, a'a. Kai, a'a ɗin ta yi ƙarfi, bari in sassauta. Deck yana da fuskar kwamfuta sosai, ka riƙe maɓallin wuta ka zaɓa, sai ga tebur da manyan fayiloli da komai, ka sa Firefox, ka sa LibreOffice, wato kishiyar Microsoft Office, ka jona kibod da babban allo ka yi rubutu. Na yi, yana yi. Amma Microsoft Office da Photoshop ba su da na Linux, kuma na san aikinka Excel ne daga safe har yamma. LibreOffice tana buɗe fayil ɗin, amma in mai cike da dabaru ne wani lokaci sai ka ga layuka sun goce, kuma ba a gwaji da aikin da ake biyan mutum albashi a kansa. Ally zai ɗauki Office tunda Windows ne, amma ka yi tunanin kanka a gaban mutane kana ciro fad, da kibod, da maus, da 'yar tashar jone-jone, da igiyoyi huɗu, wai za ka gyara jadawali. Ka gyara laftof ɗinka kawai. In Windows 10 ce a kanta, ka san Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025, kuma 11 ba ta hawa kowace tsohuwar na'ura, tana neman wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Duba ka gani ko taka tana da shi kafin komai.

Sannan nauyi, babu wanda ya faɗa maka wannan. Deck na farko giram 669 ne, mai allon OLED na ƙarshen 2023 kuma 640. Switch na asali bai kai 400 ba. A takarda ba komai ba ne, amma ka kwanta rigingine ka ɗaga shi sama minti talatin, sai yatsunka sun fara tsami. Sau biyu nawa yana faɗo min a hanci, ba na wasa. Yanzu filo nake ɗorawa a ciki in jingina shi.

Abin da za ka yi, turo min sunayen gem biyar da ka san za ka buga, ba waɗanda kake sha'awar a ce kana bugawa ba. A shafin Steam, kantin gem na Valve, gem ɗin da aka gwada akwai alamar da ke nuna ko yana tafiya a Deck, kore in yana yi lafiya, rawaya in sai an ɗan taɓa shi. Zan duba maka su ɗaya bayan ɗaya. In uku a ciki ƙwallo da harbi ne na intanet, to ka ji amsarka tun ɗazu. Kai, minti tara na yi ashe. Bari in tsaya nan, turo sunayen.