Amsa-kuwwa, makirufo da cinikin biri a sama

Tambaya: Wani ɗalibi daga Gwallameji a Bauchi ya ce an ba su aikin shirya gajeren fim a makaranta. Ya sa "amsa-kuwwa" cikin jerin kayan da za su saya, yana nufin na'urar da ke ɗaukar murya, abokinsa ya ce ba sunanta ke nan ba. Sannan wani ya turo musu hoton kyamara ta hannu a WhatsApp don su saya, kawunsa ya ce wannan cinikin biri a sama ne. Yana neman bayani.

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ne da gaskiya. Kuwwa ihu ne mai ƙarfi, amsa-kuwwa kuma ita ce muryar da dutse ko fankon ɗaki ke maido maka. Daga nan aka ara wa lasifika sunan. Abin da ke karɓar murya makirufo ne. In ka shiga kasuwar Wunti ka ce amsa-kuwwa, irin ta masallaci za a ɗauko maka.

Amsa-kuwwa ta asali ma abokiyar gabarku ce. Ɗakin siminti marar kaya yana maimaita murya, kuma da wuya a cire wannan a kwamfuta. Ku shimfiɗa darduma, ku saki labule, ku jingina katifa a bangon da kyamara ba ta gani. Ku sayi ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga, a sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Ku duba bakin wayarsa: mai baƙin zobe biyu na kyamara ne, mai uku na wayar salula, kuma sau da yawa in aka musanya ba a samun sauti sai da mahaɗi. Lokacin hunturu soson da ke kan makirufon bai isa tare iska ba, sai an sa masa hula mai gashi da ake yi don tare iska. A sa iyafis a kunne duk lokacin da ake naɗa, don a ji ƙugin janareta tun kafin a tashi daga wurin. Ita kanta "naɗar murya" gadon zamanin kaset ce, lokacin da zare ke naɗuwa da gaske.

Cinikin biri a sama kuwa: biri na kan bishiya, ba a kama shi ba, ana ta taya da albarka. Ma'anarsa biyan kuɗin abin da bai zo hannu ba. 'Yar'uwar maganar ita ce sayen kifi a ruwa. Kawu ya faɗi daidai, hoto ba ya nuna aibin kyamara. Sai ka riƙe ta. Haska tocila cikin gilashinta ka nemi ƙarzuwa ko fumfuna mai kama da saƙar gizo. Ɗauki hoton farin bango. Ɗigon da ke fitowa wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce ko lahani a ciki. Bar ta tana ɗaukar bidiyo minti 20 ka ga ko za ta yi zafi ta mutu. Tabbatar tana da ramin makirufo, don ƙananan kyamarori da yawa ba su da shi. Batir biyu, ba ɗaya ba. Katin memori kuma mai alamar saurin aiki U3 ko V30, a gwada shi a shagon, domin jabu ya yi yawa.

Ku saita kyamarar a hoto 25 cikin daƙiƙa. Wutar lantarkin Najeriya mai bugu 50 ce cikin daƙiƙa, in aka bar kyamarar a 30 wasu fitilu kan riƙa ƙyaftawa a bidiyon.

Wata ɗaliba daga Tudun Wadan Gombe ta tambaya ko "araha ba ta ado" na nufin dole a sayi mai tsada. A'a, 'yar'uwa. Gargaɗi ne kan abin da arahar ta yi yawa har ta sa zargi. Mai ƙaramin jari nasa karin maganar shi ne daidai ruwa daidai tsaki. In kuɗin bai kai ba, ku ɗauki hoton da waya mai kyau, kuɗin ya tafi ga makirufo da mariƙi mai ƙafa uku. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya zama kan maganar da ba ya ji.