Camry 2005 ta yi zafi, ruwa ya shiga baƙin mai: a gyara injin ko a sauya?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kiyaye gaba. Ka ce Camry ɗinka ƙirar 2005 mai inji 2.4 ta ci kilomita 320,000, ta yi zafi a hanyar Kano zuwa Zariya, yanzu tana farin hayaƙi, baƙin man kuma ya koma kamar shayi da madara. Wani makanike ya ce a sa gaskit da ringi, wani ya ce a sayo inji ɗan Beljiyom.

Kada ka biya kowa kuɗi tukuna. Yawan kilomita ba shi ke yanke hukunci ba, inda ɓarnar ta tsaya shi ke yankewa. In a sama ta tsaya, wato a top (kan injin) da gaskit ɗin da ke tsakaninsa da bulok, a gyara. In ta sauka ƙasa ta taɓa karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) ko bulok (gangar jikin injin), a sauya.

Kuma ka daina tayar da ita, don ruwan da ke cikin man yana cin metal (ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu) duk minti ɗaya da injin ya yi yana juyawa.

Abu na farko, a cire fulogi huɗun a auna ƙarfin matsi na kowace silinda. Kada kowacce ta gaza kusan psi 142, kuma tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ta wuce kamar 14. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. In ɗaya ce, a zuba mata cokali guda na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: lamba ta tashi, ringi ne, ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. Daga nan a kwance kaskon mai a duba gindinsa. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli na nufin metal ya cinye. Ka tuna kuma ko lokacin da injin ke aiki ka ji ƙwanƙwasa daga ƙasa mai ƙaruwa in an taka totur, ko fitilar mai tana ƙiftawa a sulo.

Ga inda mutane da yawa ke asarar kuɗi a wannan injin, 2AZ-FE. Bulok ɗinsa na alminiyom ne, kuma na shekarun 2002 zuwa 2006 an san su da zarewar zaren da kusoshin top ke kamawa, musamman na baya, ɓangaren da iska ke shiga. Zafi yana ƙara tsananta abin. Makanike zai sa sabon gaskit, ya ɗaure da hannu, ya ji kamar ya kama, bayan wata biyu ruwa ya dawo. Saboda haka a gwada ramin kowace ƙusa. Wanda ya zare a dasa masa sabon zare na ƙarfe, kuma ɗaurin ya zama da sifana mai auna ƙarfi, bi da bi daga tsakiya zuwa gefe. Top ɗin kuma a kai shi wurin masu gogewa su duba lanƙwasa da tsagewa. In bangon silinda ya karce har farce yana kamawa, ni ban ba da shawarar a rarake shi ba, domin rigar ƙarfen da ke ciki siririya ce.

A ganina, in lissafin gyara da kuɗin aiki ya haura rabin kuɗin ɗan Beljiyom, sauyawa ta fi, musamman ganin yadda jabun ringi da metal suka cika kasuwa.

In sauyawar ce, ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka da makanikenka. Ku buɗe murfin sama: ciki ya zama launin zuma, ba baƙin kwalta ba. Ku juya karanshaf da sifana ku ji yana matsewa yana saki. Gam sabo a gefen kasko ko kusoshi da suka sha sifana alama ce an buɗe shi a nan gida an wanke. Injinan 2007 zuwa 2009 sun yi suna wajen shan mai, kuma soket ɗinsu ba lallai ya dace da wayoyin motarka ba, a gwada kafin a biya. A rubuta kwanakin gwaji da lambar injin a rasit.

Ko wanne ka zaɓa, a gano abin da ya kawo zafin: lagireto, murfinsa, famfon ruwa, fanka. A mayar da tamostat in an cire, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon na rijiya. Kafin duk wannan ma a duba giya, don in tana fizga ko tana jinkirin shiga, kuɗinta ya shiga lissafin tun yanzu.