Ruwan da ke shiga ɗakin jirginka ba daga taga yake ba

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce jirgin ruwanka na fiba (robar nan mai tauri da ake ƙera jirage da ita) mai ɗan ɗaki, wanda kake kai baƙi kallon dorina wajen Bubon, kusa da Yamai, da shi, yana jiƙa maka katifa duk sanda aka yi ruwa, kuma sau biyu kana liƙe tagogi a banza. Ni ma damina guda cur na yi ina zargin taga.

Ka duba ƙarƙashin baƙar robar nan da ta zagaye jirgin. A nan aka kifa samansa bisa gangar jikinsa kamar murfin kwano, aka sa danƙo, aka ɗaure da kusoshi. Ranar Yamai ta gasa danƙon, ga gwaruwar da jirgi ke yi da gaɓa kullum, sai kusoshin su saki. Shi kuwa ruwa munafuki ne: ya shiga ta goshin jirgi, ya bi bayan rufi a ɓoye, sai ya ɗigo maka bisa matashi.

Kada ka kwance komai tukuna. Barbaɗa garin alli a jikin haɗin ta ciki, sa yaro ya zauna da tocila, kai kana zuba ruwa da buta daga baya zuwa gaba, kaɗan-kaɗan. Inda allin ya fara duhu, nan ne ƙofar ɓarawo. Nawa, wata kusa guda ce da raminta ya buɗe har tsinken ashana na shiga.

Daga nan ka cire robar da kusoshin wajen, ka ƙwaƙule tsohon danƙo tas, ka goge da asiton (ruwan nan mai cire maiƙo da fenti), ka bari ya bushe. Nan ne aikin yake, wallahi yini biyu ya ci mini, yatsu duk suka yi kanta. Silikon da ka ce ka sa shi ya fi ba ni tsoro, don ko ɗan maiƙonsa ya rage babu abin da zai kama bisansa, har sabon silikon. Sai ka bi wajen da takardar yashi. Ka nemi danƙon foliyuretan na jirage, irin Sikaflex 291, ka cusa shi cikin tsagar da kowane rami har ya tumbatso. Inda hannu ke kai wa ta ciki, ka sa bulon (kusa mai noti) na inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, da zobensa na wasa maimakon kusa. Kar ka kusantar da alkol, yana hana danƙon kamawa.

Abin da na koya da tsada: laimar iska ce ke busar da wannan danƙon, ba zafi ba. Na yi nawa cikin hunturu, na sa jirgi a ruwa wajen Gadar Kennedy washegari, ashe cikinsa ɗanye ne. In da rani za ka yi, yi da sassafe cikin inuwa, ka rataya jiƙaƙƙun buhuna kusa da shi, ka ba shi mako guda kafin ya koma kogi.