Amsa ga ɗana kan ranar lalas a gidan makiyayan Amurka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wani tsohon gidan makiyaya a yammacin Amurka, waɗanda sunan kakansu yake kan titi da makarantar garin, sun gayyace ka ranar yi wa maruƙa lalas. Kana son sanin dalilin da maƙwabta ke shan wannan wahala ba a biyan kowa ko dala ɗaya, da yadda za ka yi kada ka ji kunya.

Sai ka san tushen tukuna. Dokar raba filayen gwamnati ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna shekara 5 a fili eka 160, amma a ƙasar da saniya ɗaya da ɗanta kan buƙaci eka 30 ko fiye, wannan bai isa komai ba, ko da aka ƙara zuwa 640 a 1916. Waɗanda suka ɗore su ne suka riga kowa kama bakin rafi. Dokar ruwa a can ta wanda ya riga ce: shekarar da ke kan takardar ruwan gida ita ke magana, idan fari ya zo a rufe wa mai sabuwar shekara, mai tsohuwa ya ci gaba da ban ruwan ciyawarsa. Wannan takarda ta fi sunan kan titi nauyi nesa ba kusa ba. Kada kuma kalmar "wanda ya riga" ta ruɗe ka, ba daji suka tarar ba kowa. An kori ƙabilun asalin mazauna ƙasar, irin su Lakota da Komanci da wasunsu, kafin a raba filin.

Kafin waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, shanun kowa a gauraye suke kiwo. Sai a haɗu a tattaro su, maraƙin da ya bi saniya a buga masa shaidar uwarsa. Daga nan gayyar ta samo asali. Shinge ya zo, gayya ba ta mutu ba, don gida ɗaya ba ya iya kayar da maruƙa ɗari uku a yini. Ladan shi ne bashi: ka zo mini yau, in je maka mako mai zuwa. Mai gida ya ciyar da kowa, shi ke nan. Miƙa kuɗi a nan kusan zagi ne.

Shaidar kanta dukiya ce, ana gadonta, ana sayar da ita. Ana rajistar siffarta tare da gurbinta, ko ƙugun hagu, ko haƙarƙari, ko kafaɗa, don siffa ɗaya a wani gurbin tana iya zama ta wani gida. A jihar Texas a ofishin gunduma ake yi, ana sabuntawa duk shekara 10, wanda ya yi sakaci wani ya ɗauke.

Aikin yakan faɗo tsakanin Afrilu da Yuni, maruƙa suna wata 2 zuwa 3. Mai doki ya zarge ƙafafun baya ya jawo, mutum biyu su kayar. Na gaba ya ɗora gwiwa a wuya ya lanƙwashe ƙafar gaba ta sama. Na baya ya zauna a ƙasa, ya ja ƙafar sama zuwa jikinsa, ya tokare ta ƙasa da tafin ƙafarsa. A tare ake saki, in na baya ya riga, na gaba ya sha harbi. Cikin minti ɗaya ko biyu a yi lalas, a sa alamar kunne, a fiɗiye maza, a yi rigakafin cutar harbin daji. A wuya ake allurar, don ta cinya tana ɓata nama mai tsada, kuma maganin a inuwa yake zama cikin sanyi.

A ƙarfen lalas ne gwaninta take. Launin toka ake so. In ya yi ja, gashi ya kama wuta, ƙunar ta zurfafa ta zama gyambo. In bai yi zafi ba, gashi kawai ya ƙone, bayan 'yan watanni shaidar ta ɓace. Daƙiƙa 3 zuwa 5 sun isa, ana ɗan jujjuya hannu ba tare da ya zame ba, har wurin ya yi launin fatar sirdi. Ba a yi wa jiƙaƙƙen maraƙi, tururi ne zai dafa fatar, shaidar ta dagule, shi ya sa ruwan sama ke ɗage ranar. Harafi mai kusurwa ko rufaffen ciki kamar A ko 8 sai maƙeri ya bar gibi a mahaɗar, in ba haka ba zafi ya taru ya cinye tsakiyar. Ni dai na fi son ƙugu, lalas a haƙarƙari yana karya kuɗin ƙirgi.

Kai kuwa baƙo ne kuma yaro, wurinka ƙasa ne, wajen kayarwa. Mai gida ke raba aiki. Igiya girmamawa ce da ake ba dattawa da manyan maƙwabta, kada ka taɓa ta sai an ce maka, haka ma ƙarfen. Kada ka tsallake igiyar da ke ɗaure da maraƙi, kada ka gitta gaban mai doki. Ƙofar shinge, yadda ka same ta haka za ka bar ta. Kar ka tambayi mutum yawan shanunsa ko faɗin filinsa, tamkar ka ce ya buɗe maka aljihu ne. Ka isa da sassafe da takalmi mai rufi da tufafin da ba ka jin asararsu, ka bar dattawa su fara ɗibar abinci, in an tashi ka tambayi gidan wa za a yi ta gaba.